Sharhi a kan Hanyar Koyar da Sifar Ingilishi da Harafinta a Makarantun Gaya

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa masu tsara manhaja nauyin sake duba yadda ake koyar da Ingilishi, musamman a garuruwan kan iyaka. Gaya, a jihar Dosso, misali ce mai kyau: gada ce kawai a kan kogin Kwara ta raba ta da Malanville ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a kusa. Ɗalibin Gaya yakan tashi da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa, ya yi karatu da Faransanci, sannan ya fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji. Manufar wannan maƙala ita ce auna hanyar da aka saba bi wajen koya masa wani babi guda, watau haɗuwar sifa da harafin dangantaka, irin su of da with da at, domin bayyana ra'ayi ko abin da ke cikin zuciya.

2. Hanyar da aka saba

Bisa al'ada malami yakan rubuta jerin sifofi a allo, kowace da harafinta, a gefe kuma fassararta ta Faransanci, ɗalibai su haddace. Hanyar tana da sauƙi ga aji mai cunkoso, kuma takan taimaka a jarrabawar cike gurbi. Illarta ta farko ita ce haruffan Faransanci sukan yi wa na Ingilishi shigar sauri:

(1) satisfait de yakan haifar da satisfied of, alhali daidai shi ne satisfied with;
(2) fâché contre yakan haifar da angry against, maimakon angry with;
(3) intéressé par yakan haifar da interested by, maimakon interested in;
(4) responsable de yakan haifar da responsible of, maimakon responsible for.

Illa ta biyu ita ce hanyar ta yi watsi da Hausar da ɗalibin ke ji kullum a kasuwa da tasha, alhali tana iya rage masa wahala ƙwarai.

3. Yadda Hausa ke bayyana ra'ayi

Sifofin asali na Hausa, kamar babba da sabo da dogo da fari, ba su da yawa, kuma ba sa jan wani harafi a bayansu. Abin da Ingilishi ke faɗa da sifa, Hausa takan faɗe shi da aikatau, ko da ji ko yi tare da suna. Idan aka lura za a ga hanyoyi uku, kuma kowace tana da takwara a Ingilishi.

Ta farko ita ce ta -n ko -r ta mallaka, wadda sau da yawa takan dace da of: yana tsoron kare, afraid of, tana kishin abokiyar zamanta, jealous of. Ta biyu ita ce ta da, wadda takan dace da with: ya yi fushi da ni, angry with, sun gamsu da farashi, satisfied with. Ta uku ita ce ta wa ko ma, wadda takan dace da to: ya kyauta wa baƙo, kind to, ya gode wa maigida, grateful to. Ke nan a misalai na (1) da na (2) na sama Hausa ta nuna harafin daidai, Faransanci ya ɓatar da ɗalibi.

Bugu da ƙari, aikatau da ya biyo bayan harafi a Ingilishi dole ya ɗauki -ing, kamar afraid of falling. Faransanci yakan kawo aikatau tsurarsa, peur de tomber, daga nan ɗalibi ke rubuta afraid of fall. Hausa kuwa sunan aiki take kawowa, tsoron faɗuwa, daidai da ginin Ingilishi.

Duk da haka akwai wuraren da Hausa ita ma takan ɓatar. Da ta Hausa ta fi with faɗi: gaji da shi ne tired of, alfahari da shi ne proud of, damu da shi ne worried about, saba da kuma used to. Haka nan ya iya lissafi ba shi da harafi ko kaɗan, amma Ingilishi sai da good at. Waɗannan su ne suka cancanci hadda, kuma jerinsu ya fi wanda ake ba ɗalibai gajarta.

4. Ma'ana da al'ada

Babbar kasawar jerin hadda ita ce nuna wa ɗalibi cewa kowace sifa harafi ɗaya gare ta. Gaskiyar magana, sauya harafi yakan sauya ma'ana, kuma Hausa tana fito da bambancin a fili:

(5) afraid of her son, tana tsoron ɗanta; afraid for her son, tana jiye wa ɗanta tsoro;
(6) tired of farming, ya gaji da noma, watau ya fita daga ransa; tired from farming, noma ya gajiyar da shi;
(7) good at, ya iya. Good for, yana da amfani ga. Good to, yana kyautata wa.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce na nahawu. Kunya a wurin Bahaushe hali ne na yabo. Wanda ya ce yana jin kunyar surukinsa girmamawa yake nufi. In ya fassara da ashamed of, mai jin Ingilishi zai fahimci cewa surukin abin kunya ne a gare shi. Haka ma kishin ƙasa, wanda ba ya shiga ƙarƙashin jealous of. Tafinta a asibiti ko a ofishin kwastan, ko magatakardan ɗan kasuwa mai rubuta wasiƙa zuwa Kamba ko Birnin Kebbi, yana iya ɓata hulɗa da harafi ɗaya, ba tare da ya san ya yi ba.

5. Ƙamusoshi

Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, na 1965, da ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, duk suna da amfani ga malami, kuma na biyun ya yawaita misalai cikin jimla. Sai dai Hausar Nijeriya ce ma'auninsu, ba a kuma yi su domin ɗalibin da Faransanci ya shiga tsakaninsa da Ingilishi ba. Ƙaramin ƙamusun Abdou Mijinguini na 1987 kuwa Hausa da Faransanci ya haɗa. Saboda haka malamin Gaya yana buƙatar littafin da zai jera harsunan uku kafaɗa da kafaɗa a kan wannan babi.

6. Shawarwari

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, Nijar take da masaniya a kan fara karatu da harshen gida. Ya kamata a faɗaɗa wannan zuwa darasin Ingilishi ta hanyoyi huɗu. Na farko, a rarraba sifofin bisa ma'ana, kamar tsoro da fushi da gamsuwa da iyawa, a daina jera su bisa abacada. Na biyu, a fara da wuraren da Hausa da Ingilishi suka dace, a keɓe hadda ga inda suka saɓa. Na uku, a rubuta misalai da karin harshen yankin, inda ma ta fi wa gudana a gaban suna, kamar ya gode ma maigida. Na huɗu, tunda Gaya ƙasar Dendi ce, a yi irin wannan kwatance da Dandanci da Zabarmanci, domin kada a bar ƴaƴan da Hausa harshensu na biyu ne a baya.