Fuskar Wa Aka Ara Wa Dodo?

Kafin yaro ya kalli fim, hotonsa yake fara kallo. A da bangon kaset ne, ko fostar da ake liƙawa a ƙofar gidan kallo. Yau kuwa ɗan hoton nan ne da ke kan kwamfutar mai tura finafinai, ko wanda ke leƙowa a YouTube. Finafinan ban tsoro sun fi kowane fim dogara da wannan hoto, domin sau da yawa ba su da wani jarumin da za a saya don sunansa. Tsoro ne hajarsu, bangon kuma shi ne ɗan talla. To, tunda yaranmu na nan Muchalla ciniki suke yi da ɗan tallan nan kullum, ya kamata mu tsaya mu duba abin da yake ɗauke da shi.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. A Amurka an fara buga mujallar Famous Monsters of Filmland a 1958, wadda ta yi suna da cika bangonta da fuskar dodo guda, an zana ta da launuka masu ɗaukar ido. A 1979 Fangoria ta fito, ita kuma ta fi karkata ga hotunan jini da raunuka daga cikin finafinan. A Gana, wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye sukan sa a zana musu fosta a kan buhun fulawa, mai zanen kuma ya ƙara gishiri yadda ya ga dama, wani lokaci ma bai kalli fim ɗin ba. Mu a Arewa, mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 da fuskokin taurari take ciniki. Hoton ban tsoro ta wasu ƙofofi ya shigo mana: finafinan Indiya irin su Purana Mandir na 1984, da kasa-kasan Kudu da suka biyo bayan Living in Bondage na 1992 da Nneka the Pretty Serpent, sannan namu na aljanu da bokaye, da bangon littattafan yaƙi.

Dabarun ba su da yawa, kuma in ka gane su sau ɗaya ka gane su ke nan. Ta farko ido. Za ka ga idon ya yi jajir, ko fari fat babu baƙi, kuma kai yake kallo kai tsaye. Ɗan Adam ba ya iya wuce idon da ya kafe shi ba tare da ya waiwaya ba. Ta biyu launi: baƙi ya mamaye ko'ina, sai ja a tsakiya, wani lokaci da ɗan kore-kore irin na abin da ya ruɓe. Ta uku haɗa kyau da muni a jiki guda, rabin fuska budurwa son kowa, rabi maciji ko ƙwarangwal. Ta huɗu rubutun sunan fim, wanda ake yi kamar jini na ɗiga daga haruffan. Da kallo ya koma waya, hoton ya ƙanƙance bai fi ɗan yatsa ba, sai aka ƙara wa komai wuta: idon ya fi girma, jan ya fi ja, a zagaye wani wuri da jan da'ira wai kada ka kuskure shi.

Gaskiya dai, a cikin sana'ar akwai gwanaye. Duba fostar Jaws ta 1975: mace na iyo a saman ruwa hankalinta kwance, ƙaton kifi ya wage baki yana tasowa daga ƙasa. Babu ɗigon jini ko ɗaya, amma kai ka ga abin da ita ba ta gani ba, shi ke sa gabanka ya faɗi. Ta The Exorcist kuwa, ta 1973, mutum ne riƙe da jaka tsaye a bakin wani gida da dare, haske na sauko masa daga taga. Ko dodon ba a nuna ba. Gwanin zane ya san cewa abin da bai faru ba tukuna ya fi firgitarwa. Wanda ya kwarara jan fenti a bango, ragwanci ne kawai. Balle mu mutanen yankin Mubi, da muka ga abin da ya faru a ƙarshen watan Oktoba na 2014, lokacin da jama'a suka bi duwatsu wasu suka tsallaka Kamaru, ai ba mai zane ne zai koya mana kamannin jini ba.

Amma ba jinin ne ya fi damun mu ba. Abin tambaya shi ne, fuskar wa ake ara wa dodon? Ku lura da kyau. In mayya ce, tsohuwa ce mai tamoji da giɓi da furfura a barbaje. In matsafi ne, mutum ne da wuri da ƙaho da fata da guraye, an shafa masa farar ƙasa a fuska. In ba su ba, to mai wata nakasa ne ko mai taɓin hankali. Fim ɗin kansa yana iya warware zance a ƙarshe, ya nuna tsohuwar ba ta da laifi. Bango ba ya warware komai, kuma masu ganinsa sun fi masu kallon fim yawa nesa ba kusa ba. Gani ya kori ji: duk nasihar da aka yi wa yaro a makarantar allo kan girmama tsofaffi, hoto ɗaya yana iya shafe ta.

A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san yadda zargin maita yake somawa: yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ya yi surutai, ya ambaci sunan wata tsohuwa, shi ke nan an jefa ta a wahala. Daga ina yaron ya samo kamannin da yake gani a mafarkin? Sannan mu fa zama ya kawo iyayenmu cikin Fali, mutane masu al'adunsu da bukukuwansu da kayan adonsu na gargajiya. Kasuwa ɗaya muke ci, ruwa ɗaya muke sha. Yaron da waya ta koya masa cewa duk mai wuri da ƙaho dodo ne, da wane ido zai kalli maƙwabcinsa ranar biki? Mu ma ai mun san zafin abin. In muka ga fim ɗin waje ya ɗauko mai gemu da rawani ya mai da shi ɗan ta'adda, ranmu ɓaci yake yi. Abin da ba mu so a yi mana, don me za mu biya kuɗi a yi wa wani?

Dodon tatsuniyoyin kakanninmu ba shi da ƙabila, ba ya kuma kama da kakar kowa. Masu zanen Kano da Kaduna suna da abin aro a gida in suna so: gindin tsamiya da tsakar rana, kufan da ƙofarsa ke buɗe, rijiyar da aka daina ɗiba, guguwar da ta tsaya cak a bakin hanya. Ko wanne daga cikinsu zai sa tsikar jiki ta tashi ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Kada mu jira hukuma. Hukumar Tace Finafinai ta Kano tana nan tun 2001, amma ikonta a Kano ya tsaya, bai kai wayar yaron Muchalla ba. Aikin namu ne. 'Yan'uwanmu masu tura finafinai, ku dubi shekarun mai wayar kafin ku tura. Iyaye kuma, in kun ga irin hoton nan a hannun yaro, kada ku fizge wayar da faɗa kawai. Ku zauna da shi ku tambaye shi: "Me ya sa ka ce wannan mayya ce?" In ya ce don tsohuwa ce, to ku nuna masa kakarsa.