Kallon Gida: Ra'ayinmu a kan Finafinan Hausa Uku na Ƙasar Nijar

Gabatarwa

A cikin hutun da ya gabata mun sami sukunin zama a gida, nan birnin Yamai, inda muka kalli waɗansu finafinai guda uku da ƴan ƙasar nan suka shirya, waɗanda kuma mutanen cikinsu da Hausa suke magana. Biyu daga ciki aikin Sani Magori ne, watau Pour le meilleur et pour l'oignon (2008) da Koukan Kourcia (2010), na ukun kuwa shi ne Zinder (2021) na Aïcha Macky. Dukkansu irin finafinan nan ne da Faransawa ke kira documentaire, ma'ana ba ƙagaggen labari ba ne, mutanen da ake gani rayuwarsu ta yau da kullum suke yi. Abin da za mu kawo a nan ra'ayi ne na mai kallo, sai dai ya kamata mai karatu ya san da wa muka yi kallon, domin a nan ne maganar take. Akwai ɗalibai biyu da ke zaune wurinmu, akwai kuma gwaggonmu, wata dattijuwa mutuniyar ƙasar Madawa, wadda ba ta taɓa shiga lakkwal ba, balle ta karanta fassarar Faransancin da ke gudu a ƙasan hoto. Mu muna ji muna karantawa, ita kuwa ji kawai take yi. Tambayar da ta taso mana ita ce: don wane mai kallo aka yi waɗannan finafinai?

Tambayar tana da tushe a tarihin sinimarmu. Tun 1962 Moustapha Alassane ya fitar da Aouré, sa'annan Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Duk da wannan sammako, a yau tsakar gidan Bahaushen Nijar a hannun finafinan Kano take. Har ma labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, da Med Hondo ya mai da shi fim a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, a Burkina Faso aka ɗauke shi, Sarauniyar kuma ba da Hausa take magana ba. Saboda haka jin Hausar ƙasar nan a cikin fim mai inganci abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa.

Albasa da aure

Fim ɗin farko, a ganinmu, shi ne ya fi sauran kyawon zubi. Magori mutumin Galmi ne, kuma ilimin aikin gona ya fara karantawa kafin ya je Jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal ya koyi shirya fim, don haka ya san albasa ya san masu nomanta. Jigon ba shi da wata sarƙaƙiya: wani manomi ne ƴarsa ta shekara biyu tana jiran aure, surukai sun matsa, tsegumin gari ya yi yawa, sai ya yanke cewa za a yi biki da kakar albasa. Daga nan sai kalandar gona ta zama kalandar labari. Kowane mataki, daga dashe zuwa ban ruwa zuwa cira, yana matso da ranar da ko dai a fita kunya ko a ji ta. Mai shirya fim bai bukaci ya ƙago wata fargaba ba, farashin buhu ya ishe shi, domin kowa ya san lokacin da manoma suka cire albasarsu gaba ɗaya, kasuwa faɗuwa take yi, wanda kuwa ke da biki a gabansa ba shi da halin zuba ta a rudu ya jira ta yi tsada.

A nan ne muka fara lura da bambancin kunnuwa biyu. Faransancin ƙasarmu yana da kalma guda, dot, wadda yake rufe hidimar aure da ita, alhali Hausa ta rarrabe sadaki da kayan lefe, waɗanda ke wuyan namiji, da kayan ɗaki da gara, waɗanda ke wuyan iyayen mace. Baƙon da ya saba jin cewa a Afirka ango ne ke biya, zai iya ɗaukar lokaci kafin ya gane dalilin da uban amarya ke rasa barci. Gwaggo ba ta bukaci kowane bayani ba. Tun ba a yi nisa ba ta ce: "Wannan bawan Allah ba talauci ka damunai ba, bakin mutane na." Mun daɗe muna juya wannan magana. Wanda ya bi rubutun ƙasan hoto zai ga fim a kan tattalin arzikin ƙauye da zaluncin kasuwa, kuma bai yi kuskure ba. Wanda ya bi murya zai ji fim a kan mutunci, domin yadda ake sassauta harshe idan an zo batun ƴa, da yadda ake kewaye magana a gaban suruki, da shirun da ke biyo bayan ambaton kuɗi, duk ba su da gurbi a cikin layi biyu na fassara. Bugu da ƙari, Hausar yamma ce ake yi, mai munka da sunka, wadda fassara ke mayarwa Faransanci ɗaya sumul, babu ɗanɗanon ƙasa.

Kurciya da rabin karin magana

Koukan Kourcia ya fi na farko zurfin tunani, ko da yake bai kai shi tsari ba. Wata zabiya ce, Hussey, wadda a zamanin ƙuruciyarta waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su tafi bida a Kurmi. Mahaifin mai shirya fim yana cikin waɗanda suka tafi Abijan suka daɗe. Sai ɗan ya lallashi tsohuwar ta bi hanya har Kodebuwa, ta yi wata sabuwar waƙa ta kiran mutane gida. Hanyar tsohuwa ce a sinimarmu: a Abijan ɗin nan, unguwar Treichville, Jean Rouch ya ɗauki Oumarou Ganda a cikin Moi, un noir na 1958. Bambancin shi ne wannan karon ɗan da aka bari a gida ne ke riƙe da kamara.

Sunan fim ɗin kansa ya isa darasi ga masu nazarin fassara. An ba shi sunan Faransanci Le cri de la tourterelle, wanda daidai ne kalma da kalma. Amma Bahaushe yana jin "kukan kurciya" bakinsa zai ƙarasa da kansa: jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Rabin da aka yanke shi ne ainihin jigon, watau waƙa saƙo ce mai lulluɓi, kuma nauyin ganewa yana kan mai sauraro. Wanda bai san karin maganar ba zai zaci tsuntsuwa ce kawai mai kukan kewa.

Inda muke da ja shi ne nauyin da fim ɗin ya ɗora wa waƙa. Ba mu musun ƙarfin zuga da habaici a al'adarmu. Saurayin da aka yi wa zambo a dandali cewa bai taɓa ƙetare gari ba, yana iya ɗaura kaya a daren. To amma mutanen Adar da Gobir ba don waƙa kaɗai suka cika tashoshin mota ba. Akwai farin 1973 zuwa 1974, akwai na 1984, akwai kuɗin haraji da ƙarancin gona da watannin rani na zaman banza. Zabiya ta ba tafiyar suna mai daɗi, yunwa ce ta shata hanyar. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya ƙara da cewa tafiyar Hussey shirin mai fim ce, ba don kamara ba da ba a yi ta ba. Gaskiya ne, amma Magori bai ɓoye hakan ba, kuma mu ba mu ɗauke shi aibi ba. Gwaggo dai ba ta shiga wannan gardama ba. Ta yi tsit har aka gama, sa'annan ta shiga lissafo mana mazan danginmu da suka tafi Kurmi ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba mu taɓa jin sunansu ba.

Damagaram ta wace fuska?

Zinder ne ya fi raba kawunanmu, kuma sai da muka sallami yara kafin mu sa shi. Aïcha Macky haifaffiyar Damagaram ce, ta karanta ilimin zamantakewa a wannan jami'a tamu, kuma ta riga ta nuna ƙarfin hali a L'Arbre sans fruit na 2016, inda ta ɗauki matsalar rashin haihuwa ta fara da kanta. A wannan karon ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira palais. Yana da kyau a lura cewa palais fassarar kalmar "fada" ce kai tsaye. Fada a bakin matasan Nijar majalisar shan shayi ce da hira. Da abin ya rikiɗe ya zama na ƙarfi da makami, sai aka ari kalmar Faransanci aka laƙaba masa. Wannan wasa tsakanin harsuna biyu sai mai jin duka biyun yake kama shi.

Aikin kamara a nan ya fi na finafinan Magori nesa ba kusa ba. Ana bin tabon sara a jikin mutum a hankali kamar ana karanta wasiƙa. An nuna masu fasa dutse, da ɗan kabu-kabun da ya tuba yana faɗin abin da ya aikata wa mata da bakinsa, da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya, a jihar da aka buɗe matatar mai tun 2011. (Wannan sana'a ta ruwa-ruwa ta sauya fuska tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, don haka wannan ɓangare ya riga ya zama tarihi.) Babu mai musun cewa sai ƴar gari, mai harshen gari, za a buɗe wa irin waɗannan ƙofofi.

Damuwarmu tana ga tutar Hitler da ake kaɗawa a kan babur tun farkon fim. Su samarin sun ɗauka sunan wani gwarzo ne da ba a cin shi da yaƙi, ba su san tarihinsa ba. Ga mai kallo a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwis, inda aka nuna fim ɗin a 2021, wannan alama tsawa ce. Ga gwaggo kuwa ƙyalle ne mai zane, sai da muka tsayar da fim muka yi mata bayani. Wannan ya nuna mana cewa ƙofar shiga fim ɗin an gina ta ne daidai tsawon baƙo. Ɗalibinmu na biyu, wanda Badamagare ne, ransa ya ɓaci ƙwarai: ya ce an ɗauki sunan birni sukutum, mai fadar Sarki da unguwar Birni da malamai da ƴan kasuwa, an ɗora wa unguwa guda. Mun ba shi rabin gaskiya. Sauran rabin kuwa na mai fim ne, domin sanya wa Kara-Kara sunan birnin wata hanya ce ta cewa waɗannan ƴaƴa na gari ne, ba a iya share su da cewa ƴan bayan gari ne. Abin da ya hana mu sakin jiki da wannan hujja shi ne, an faɗe ta ne da sunan "Zinder" na taswira, ba "Damagaram" na bakin mutane ba.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne wahalar samun finafinan. Masu tura finafinai a waya da ke bakin kasuwannin Yamai suna da na Kano da na Indiya da aka fassara da Hausa birjik, amma da muka tambayi waɗannan uku a wurare da dama, ko sunansu ba a sani ba. Ta hannun wani abokin aiki muka same su. Ga shi kuwa taska ce ga sashenmu, domin Hausa ce ta baka, ba ta rubutaccen wasa ba, daga karin harshe biyu mabambanta. Mun sa ɗaliban nan biyu su fara rubuta maganganun minti goma na farkon fim ɗin albasa, su jera su gefe da gefe da fassarar Faransanci, don a ga abin da ya zube a hanya. Tun a shafin farko suka ci karo da matsalar da ƙa'idar rubutun Hausa ta 1999 ba ta warware musu ba, watau ko su rubuta abin da manomin Galmi ya furta, ko su daidaita masa baki. Mun ce su bar masa munka ɗinsa, za mu kawo sakamakon a fitowa ta gaba.