Maƙerin cikin wasa bai san wuta ba

Yanzu da wuya ka buɗe wasan kwamfuta na yawon duniya ba ka tarar da haƙar ma'adinai da ƙira a ciki ba. Abin ya yi mini daɗi, domin yaron da bai taɓa leƙa maƙera ba ya san cewa ƙarfe daga dutse yake fitowa. Sai dai yadda aka sauƙaƙa sana'ar yana damuna.

A Minecraft, ka zuba tama a murhu, bayan daƙiƙa 10 ƙarfe ya fito, kuma gawayi guda yana narka guda 8, ko da wane itace aka yi shi. Duk maƙerin baƙi zai ce maka ba haka ba ne. Gawayin ƙirya ake nema saboda ƙarfin wutarsa da daɗewarsa. Yaron da ke kan zuga-zugi yana shafe shekaru yana kallon launin ƙarfe, daga ja zuwa ruwan ɗorawa, kafin a ba shi masaba. Sanin lokacin da za a ciro ƙarfe da awartaki a ɗora kan uwar maƙera shi ne sana'ar, kuma shi ne wasannin suka tsallake. A Skyrim na 2011 mutane sun riƙa ƙera wuƙa iri ɗaya ɗaruruwa don lambar gwanintarsu ta hau.

RuneScape, da ya fito a 2001, ya fi kusa da gaskiya. Sai ka haɗa jan ƙarfe da kuza kafin ka samu tagulla, kuma a tsohon tsarinsa rabin tamar da ka narka tana iya lalacewa. Wannan asarar na yaba da ita. Masu narka tama tun zamanin murahun Taruga na al'adar Nok, sama da shekara 2,000 da suka wuce, da irin wannan fargabar suka yi aiki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takobi. Kusan komai a wasannin nan makami ne, alhali abincin maƙeri yana kan fartanya da garma da lauje, da gyaran wanda ya dakushe ana gab da damina. Ina son wasan da gonar gari za ta tsaya in maƙeri ya makara, wanda mutum ɗaya ba zai zama mahaƙi da mai gawayi da maƙeri a lokaci guda ba, dole ya nemi wasu su yi ciniki.