Burushin Kwalliya Mai Tsada: Wa Ya Dace Da Shi?

Kwanan baya saura ƙiris a fasa wani aure a unguwarmu saboda burushin shafa hoda. Dangin amarya sun buɗe lefe, suka ga ba MAC ba ne, ba Zaron ba, suka ce a mayar. Subhanallahi!

Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ce mai tsada ba shi da amfani ba. Na asali gashinsa ba ya zuba, ƙarfen da ke riƙe shi ba ya kwancewa ko an sha wanki. Mai sana'ar yi wa amare kwalliya, wadda ke bin biki daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa, ta saya, kuɗinta zai fito. Amma wadda za ta ɗan shafa hoda da safe a ɗakinta fa? Mai matsakaicin kuɗi ya ishe ta, in dai tana wanke shi da sabulu. Datti ke kawo ƙuraje, ba arha ba.

Sannan da yawa masu manyan sunayen nan jabu ne daga Chaina, tambari kawai ake biya. Angon nan kuwa, bashi ya ci ya sayo irinsu.