Jinjina ga Malamin da Ya Kai Fim ɗin Hausa Jami'a

A shekarun 1990, lokacin da wasu masana ke yi wa littattafan soyayya kallon shirme suna kiran su adabin kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shiga muhawarar a jaridu yana kare marubutan. Malamin koyar da kimiyya ne a lokacin, abin da ya sa shigar tasa ta ba mutane mamaki.

Daga littattafai ya koma kan finafinai. A 2003 shi da abokan aikinsa suka shirya taro a Kano, suka zaunar da 'yan fim da malaman jami'a a zaure ɗaya. Takardun taron suka zama littafi a 2004, wanda ya tace tare da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril. Ya bi diddigin yadda labarai da waƙoƙin Indiya suka shigo fim ɗin Hausa, fim bayan fim, aikin da ke cin lokaci da haƙuri.

A 2012 ya zama farfesa karo na biyu, a fannin sadarwa da al'adu. Daga 2016 zuwa 2021 ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya.