Tarken Gudummawar A. C. Jordan ga Harshen Xhosa: Abin Lura ga Masu Tsara Manhaja

Duk manazarcin da ya waiwayi tarihin nazarin harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, da wuya ya tsallake sunan Archibald Campbell Jordan, wanda aka haifa a gundumar Tsolo a 1906, ya kuma rasu a Madison ta ƙasar Amurka a 1968. Ya koyar a Fort Hare, sannan a Jami'ar Cape Town daga 1946, inda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tsarin sauti da nahawun rubutaccen Xhosa. A farkon shekarun 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi fasfo, ya bar ƙasar ba da izinin komowa ba, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Jami'ar Wisconsin, inda Neil Skinner ya koyar da Hausa.

Hujjar wannan tarke ita ce, babban aikin da Jordan ya yi wa harshensa yana cikin ƙagaggen labarinsa, Ingqumbo Yeminyanya, wato fushin magabata, wanda maɗaba'ar Lovedale ta buga a 1940, fiye da yadda yake cikin nahawunsa. Labarin Zwelinzima ne, yarima ɗan boko da ya komo ya karɓi sarautar Mpondomise. Matarsa, ita ma 'yar boko, ta kashe macijin da jama'a ke girmamawa a matsayin magabacin gidan sarauta, don ta gan shi kusa da jaririnta. Daga nan al'amura suka dagule har ruwa ya ci uwa da ɗa, daga baya Zwelinzima ya bi su. Abin lura shi ne marubucin bai ba kowane ɓangare gaskiya dungurungum ba. Dattawan gargajiya suna kawo hujjarsu cikin azanci da fasahar zance irin na fada, 'yan boko kuma suna da tasu, mai karatu ne aka bar wa hukunci. Wannan ba ƙaramar jarunta ba ce a lokacin da maɗaba'un mishan suka fi son labarin da zai ƙare da wa'azi. Ta haka ya nuna cewa harshen Xhosa na iya ɗaukar muhawara mai nauyi ba tare da aron bakin Turanci ba.

Littafinsa na tarihin adabi, Towards an African Literature, ya fito ne a 1973, bayan rasuwarsa, daga maƙalun da ya buga a mujallar Africa South. A ciki ya fara da tatsuniya da kirari da karin magana, sannan ya bi sawun Ntsikana da Tiyo Soga da William Gqoba, ya nuna cewa a shafukan jaridu irin su Isigidimi samaXhosa rubutaccen adabin ya yi ƙarfi. Mai nazarin Hausa zai tuna da rawar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taka tun 1939. Sai dai littafin na da rauni. Da Turanci aka rubuta shi, don haka mai karatu ya fi cin karo da fassara, zaƙin harshen kuwa sai a ba shi labari. Haka kuma ƙarni na goma sha tara ya cinye mafi yawan shafukansa. Shi kuwa A Practical Course in Xhosa na 1966, baƙin harshe aka yi wa shi, ba 'ya'yan gida ba.

A nan ne abin ya shafi masu tsara manhaja. Dokar ilimin Bantu ta 1953 ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa a firamare, amma da nufin taƙaita makomar yaran baƙar fata. Littattafan da hukuma ta amince a karanta a aji su ne kasuwar marubuta, saboda haka tace su ya zama tace adabin baki ɗaya. Sanya harshe a jadawalin darasi, ke nan, bai isa shaidar bunƙasarsa ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ba harshen uwa gurbi a Nijeriya, amma tambayar da kwamitocin zaɓen littattafan Hausa ya kamata su amsa ita ce: da a ce an kawo musu labari irin na Zwelinzima, wanda bai wanke sarauta ba, bai wanke boko ba, ya kuma ƙare da kisan kai, shin za su sa shi cikin jerin littattafan babbar sakandare?