Wasan Matakai 39 da Yabon da Ake Yi Masa

A cikin 1935 Alfred Hitchcock, gwanin shirya silima na Ingila, ya fitar da wani wasa mai suna The 39 Steps, watau Matakai 39. Ya ɗauko labarin daga littafin John Buchan na 1915, amma ya sake shi ƙwarai. A littafin matakan na gaske ne, masu gangarawa bakin teku. A wasan kuwa sunan ƙungiyar 'yan leƙen asiri ne.

Labarin wani baƙo ne daga Kanada, Richard Hannay, wanda ya sauki wata mace a Landan, kafin gari ya waye aka soke ta da wuƙa. Aka ɗora masa laifin, ya gudu Sikotilan, ga 'yan sanda a bayansa, ga makasanta a gabansa.

Masana sun daɗe suna yabon wasan nan. A 1999 Cibiyar Silima ta Biritaniya ta sa shi na 4 cikin wasanni 100 mafi kyau na ƙasar. An sake shirya shi a 1959 da 1978, ba wanda ya ture na farin. Abin da aka fi yabo shi ne saurinsa, kuma gaskiya ne, ba ya barin mai kallo ya huta. Amma saurin nan yana rufe aibu. Sa'ar Hannay ta yi yawa: an harbe shi a ƙirji, sai littafin waƙoƙin coci da ke aljihu ya tare harsashin. Mai hankali ya ji wannan sai ya yi murmushi.

Inda wasan ya cancanci yabo sosai, wajen sha'anin amana ne. Hannay ya faɗi gaskiya sau da yawa, ba a yarda ba. Manomin da ya karɓi kuɗinsa don ya ɓoye shi, shi ne ya juya yana tambayar ladan kama shi. Dattijon da kowa ke girmamawa, shi ne shugaban maƙiya. Matar manomin ce ta gaskata shi, ta ba shi rigar mijinta ya tsere, daga baya ta sha mari dominsa. Ba ta daɗe a wasan ba, amma ta fi zama a rai bisa ga dukan guje-gujen.

Sa'an nan ga wani mai hadda, wanda sana'arsa amsa tambayoyin jama'a a dandali. Maƙiya sun sa ya haddace asirin injin jirgin sama don a fitar da shi ƙasar ba takarda. Da Hannay ya tambaye shi ma'anar Matakai 39 a gaban taro, sai ya kasa yin shiru, ya fara amsawa, aka harbe shi. Yana bakin mutuwa ya biya haddar duka, ya tambaya ko ya yi daidai.